Rok da Jaz a Hanyar Katagum

Ni ba a gidan kiɗa na tashi ba. Mahaifina tela ne a bakin kasuwar Azare, rediyonsa kuwa labarai da karatun malamai kawai ya sani. In aka sako waƙa, ko da ta mawaƙan gargajiya ce, sai ya miƙa hannu ya rage murya har ta wuce. Bai taɓa ce mana haramun ba ce, shi dai bai ga amfanin babban mutum ya zauna yana sauraron ganga ba. Kiɗan da na sani ina yaro shi ne kalangun mahauta, da gaɗar 'yan mata a dandali, da waƙoƙin Indiya da ke tsallako katangar maƙwabta. Ban taɓa jin kalmar rok ko jaz ba sai da na fara aiki, gemu ya soma fito min.

Da na gama makarantar koyon kiwon lafiyar dabbobi, aka tura ni ofishin dabbobi na garinmu. Aikina shi ne bin rugage da ƙauyuka ina yi wa shanu da awaki allurar rigakafi, in duba waɗanda ba su da lafiya. Ofishin yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara, wadda fentinta ya koma ruwan ƙasa, da direba guda. Direban dattijo ne dogo, Kirista daga kudancin Bauchi, ya daɗe a Azare har 'ya'yansa duk a nan aka haife su. Kowa Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu. Shi kuwa tun ranar farko Likita yake kirana, duk da na sha gaya masa ban kai likita ba.

Ranar da muka fara fita tare, wajen Sakwa muka nufa. Na ɗora kular magani da ƙanƙara a baya, na shiga gaba na zauna. Muna barin gari Baba ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kujera, cike da kaset-kaset. Ya zaɓi ɗaya, ya hure shi, ya tura a cikin wata rakoda da ya ɗaure da roba a jikin motar. Abin da ya fito ya sa na zabura. Wata ƙara ce kamar ana yanka kwanon rufi da zarto, ga ganga ana jibga, ga wani mutum yana ihu da Turanci.

Na ce, "Baba, lasifikar ce ta fashe?"

Ya yi dariya har yana dukan sitiyari. Ya ce, "Lafiyarta lau, Likita. Jita ce. Wannan shi ake kira rok."

Na ce, "To mai waƙar fa, me aka yi masa?"

"Ba abin da aka yi masa. Daɗi yake ji."

A raina na ce in haka za a riƙa yi kullum, gara in nemi babur. Da muka dawo da yamma ya sa wani daban, wanda ba waƙa a ciki, sai bushe-bushe da fiyano. Ya ce wannan kuma jaz ne, kuma shi ne abinci, rok ɗin ɗanɗano ne kawai. A kunnena wannan ɗin ma ya fi na safe muni. Na safe dai an san inda ya dosa. Wannan kuwa kamar kasuwar shanu ranar da take ci, kowa na magana, ba mai sauraron wani.

Haka muka yi ta tafiya har aka ci damina aka shiga rani. Na saba da ƙarar kamar yadda mutum ke sabawa da injin niƙa na maƙwabta. Abin da na fara lura da shi ba kiɗan ba ne, halin mutumin ne. In muka doshi ƙauye ya hango masallaci da mutane suna alwala, kafin in buɗe baki ya kashe rakoda ya gangara gefen hanya, ya ce in je in yi salla zai duba taya. Da azumi ya zo, kwalin bai fito daga ƙarƙashin kujera ba ko sau ɗaya. Na ce masa ai ba shi ke azumi ba, ya sa abinsa. Ya ce a'a, mota ɗaya muke ciki. Ruwa ma sai ya zaga bayan mota yake sha.

Rok ne ya fara kama ni, kuma na tuna ranar. Bazara ce, zafi kamar a gasa mutum. Mun je wata ruga a hanyar Katagum, shanun suka ƙi tsayawa. Wani bijimi ya fizge igiya ya watsar da ni cikin kashin shanu, kwalaben magani suka tarwatse, masu shanun kuma maimakon su ce sannu sai suka fashe da dariya. Na tattara kayana na shiga mota ina huci, riga duk ta ɓaci. Baba ya dube ni. Ya laluba kwali ya sa wani kaset, ya ƙure murya.

Ganga ce ta fara, ita kaɗai, da nauyi, kamar mata sun haɗu suna lugude a turmi guda. Sai jita ta shigo da wani gurnani. Ban san lokacin da na fara buga ƙafa a ƙasan mota ba. Na ji kamar wani ya karɓi fushin da ke ƙirjina yana yi a madadina, kuma ya fi ni iyawa. Kafin mu hau kwalta na huce, har na ba Baba labarin yadda na faɗi muna dariya. Da kiɗan ya ƙare na ce, "Baba, maido shi baya." Ya zare kaset ɗin, ya zura biro a ramin ya juya da hannu ɗaya, ɗayan na kan sitiyari, yana murmushi kamar wanda ya ci zaɓe.

Daga nan ya shiga koya min saurare. Ya ce kada in bi mai waƙa, tunda ba duk Turancinsa nake kamawa ba. In bi mai bas, wato jitar nan mai kaurin murya da ke tafiya a ƙasa. Ya ce shi da mai ganga su ne ginshiƙin ɗaki, sauran duk ado ne. Na gwada, sai na ga abin da na ɗauka hayaniya ce ashe gini ne, kowa da inda yake tsaye.

Sunayen ƙungiyoyin ba sa zama a bakina, don haka muka laƙaba musu namu. Akwai waɗanda muke kira Masu Gashi, saboda hoton da ke bayan kaset ɗin, gardawa ne da suma har kafaɗa. Akwai Mutanen Coci, don mai fiyanonsu yana jan sauti irin na majami'a, Baba ne ya sa musu wannan. Akwai wasu 'yan ƙasar nan daga kudu, waɗanda suka ɗauki jitar Turawa suka ɗora ta kan gangunan gida, muna ce musu 'Yan Gida. Waɗanda na fi so kuwa su ne 'Yan Uku: mai jita, mai bas, mai ganga, shi ke nan. Har gobe ina nan kan ra'ayina, ba ƙungiyar rok da ta kai ta mutum uku. Ba wurin ɓuya. In ɗaya ya yi sanyi, nan take za ka ji rami. Masu Gashi suna da kyau, amma mai jitarsu yana da son a sani. Sai ya kama wayar jita ɗaya ya yi ta murza ta, sama da ƙasa, har ka manta da wace waƙa aka fara. Na gaya wa Baba wannan mutumin irin masu wa'azin nan ne da ba su san inda ake tsayawa ba. Baba ya ce ban isa in faɗi haka ba, bara-baran nan nake tambaya ko lasifika ta fashe.

Jaz dai ya ƙi shiga. Kullum da yamma in ya sa, sai in jingina kai da gilashi in yi gyangyaɗi. Mukan yi musu sosai. Ni in ce waɗannan mutanen ba su shirya ba kafin su shiga ɗakin ɗauka, kowa abin da ya zo masa yake busawa. Shi ya ce ai nan gwanintar take, hira suke yi, wannan ya faɗa wancan ya amsa. In ce hirar da ba a gane kanta ba ai surutu ce. Ya ce, "Rok na jinin samari ne, Likita. Bari jininka ya kwanta tukuna."

Wata rana a wata ruga kusa da Hardawa muka samu alƙali. Mun iso shanu ba su dawo daga mashaya ba, Arɗon wurin ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa, aka kawo fura da nono a ƙwarya. Baba ya bar ƙofar mota a buɗe, kaset na juyawa a hankali. Jaz ne, wani mai busa saksafon, algaitar nan ta Turawa mai lanƙwasa kamar wuyan raƙumi. Arɗo tsoho ne mai ƙarancin magana. Ya daɗe yana kallon motar, ludayi a hannu, sannan ya ce, "Mai busan nan, ya taɓa kiwo?"

Baba ya ce, "Ban ji ba, Arɗo. Mutumin birni ne, a Amurka."

Arɗo ya ce, "To ya dai san zaman daji shi kaɗai."

Ni da na ga ana neman kayar da ni, na tashi na canza kaset na sa 'Yan Uku. Ganga na faɗowa Arɗo ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, Likita, kashe! Za ka kore min shanu su koma Misau."

Baba bai bar ni na sha iska ba har muka shiga Azare. Kowane rami muka faɗa sai ya ce, "Ka ji dai abin da Arɗo ya ce." Na ce masa shanun ai ba su gudu ba, ba su ma iso ba a lokacin. Ya ce da sun iso da sun gudu.

A gida ban samu magoya baya ba. Da na yi aure na ari kaset ɗaya na kai ɗaki na sa wa matata, ina jiran ta yaba. Ta saurara kaɗan ta ce, "Wannan ai kamar layin maƙera." Ta koma kan waƙoƙinta na fina-finan Hausa, na koma kan nawa, muka zauna lafiya. A gidan mahaifina kuwa ban taɓa gwadawa ba. Amma shi da Baba sun saba ta wata hanyar. Duk Kirsimeti mahaifina ne ke ɗinka masa kaftani, kuma in ya je gwaji sai su zauna kan benci su yi ta tattauna labaran duniya da suka ji a rediyo. Mahaifina yakan ce min, "Direban nan naku mutumin kirki ne, ka riƙe shi." Bai san me muke ji a mota ba, ni ma ban faɗa ba.

Mahaifina ya rasu bayan gajeruwar jinya a asibitin Azare. Ni ne babba a cikin 'ya'yansa maza, don haka komai a kaina ya sauka: wanka, likkafani, maƙabarta, karɓar gaisuwa, lallashin mahaifiyata da ƙannena. Ban yi kuka ba. Ba wai na hana kaina ba ne, kukan ne ya ƙi zuwa. Baba ya zo zaman makoki sanye da kaftanin da marigayin ya ɗinka masa. Ya cire takalmi ya zauna kan tabarma cikin jama'a, aka shafa addu'a ya sunkuyar da kai. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya ji ƙan Malam. Allah ya ba ka haƙuri, Likita."

Da na koma aiki, motar ta zama shiru. Baba bai taɓa kwalin ba, ni ma ban tambaya ba. Mu tafi mu dawo ba abin da ake ji sai injin da ƙarar kular magani a baya. Abinci ba ya min daɗi, barci rabi-rabi. Matata ta ce na rame, na ce mata aiki ne.

Mun ɗauki makonni a haka. Wata rana muna dawowa daga Katagum da la'asar, muka biyo ta gefen fadama, masu noman rani suna ta ban-ruwa a gonakin albasa. Na hango wani dattijo a bakin hanya ya ɗora rediyo a kafaɗa yana tafiya, irin riƙon da mahaifina ke yi. Na kau da kai. Shirun ya yi min nauyi, na ce, "Baba, sa mana wani abu."

Na ɗauka 'Yan Uku zai sa, tunda ya san su ne nawa. Ya laluba ya wuce su, ya ɗauko wani kaset da bayansa ya goge. Fiyano ne ya fara, a hankali, kamar mai taka ƙasa kada ya tashi mai barci. Sai begila ta shigo. Ba irin ta sojoji ba, wannan muryarta a shaƙe take, siririya. Mai busan ya ja sauti ɗaya ya sake shi, ya yi shiru, kamar ya manta abin da zai ce. Sannan ya dawo ya ƙara kaɗan a kai. Abin da na daɗe ina ji a matsayin rashin shiri, ran nan na ji shi daidai: mutum ne yake son faɗin wani abu mai nauyi, yana neman ta inda zai fara, abokansa kuma suna biye da shi a hankali, ba mai gaggauta shi. Mai bas yana nan a ƙasa, taku ɗaya-ɗaya, kamar wanda ya rako ka gida.

Abin da ya ƙi fitowa tun ranar rasuwar ya ɓalle. Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro, har da sheshsheƙa. Baba ya gangara ƙarƙashin wata tsamiya ya tsaya. Ya ce, "Bari in duba ruwan lagireto." Ya fita ya buɗe bonet, ya tsaya a bayansa inda ba na ganinsa, ba ya ganina. Na san lafiyar motar ƙalau, da safe a gabana ya cika ruwan. Ya bar ni da mai begilar har kaset ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa. Sannan ya rufe bonet, ya miƙo min gorar ruwa na wanke fuska, muka kama hanya. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko a ranar ko bayanta. Na sha samun alheri a hannun mutane, amma kaɗan ne suka kai wannan tsayuwar a bayan bonet.

Daga ranar kunnena ya buɗe wa jaz. Ban bar rok ba, kuma ban yarda da maganar Baba cewa na samari ne kawai ba. Muka yi sulhu: da safe in za mu fita, jiki na buƙatar zafi, rok, da yamma in mun gaji, jaz. Amma musu bai ƙare ba, sabon fili kawai ya samu. Baba yana son manyan ƙungiyoyin jaz, masu mabusa jere-jere da ke tashi gaba ɗaya. Ni kuwa suna tuna min da faretin 'yan sanda. Na fi son mutum huɗu ko biyar, inda za ka ji numfashin mai busa da motsin yatsun mai bas a kan waya. Shi yana son masu gudu, waɗanda ke zuba sauti kamar ruwan sama da ƙanƙara. Ni na fi son masu barin fili tsakanin sauti da sauti. Akwai wata mawaƙiya mai dusasshiyar murya da ke jan kalma kamar ba ta son rabuwa da ita. A kanta kaɗai ne ba mu taɓa saɓawa ba. In ta fara, duk wanda ke magana sai ya yi shiru.

Shekaru suka tafi, Baba ya yi ritaya. Ranar da zai kwashe iyalinsa ya koma garinsu, na je taya shi ɗaure kaya. Ya zauna a kan buhu ya raba kwalin gida biyu. Ya ce rok duk nawa ne, shi ya tsufa da ihu. Jaz kuwa ya ba ni kaɗan ya riƙe sauran, ya ce in ina so in zo in ji a gidansa. Motar ofis ba ta daɗe ba bayan tafiyarsa ta kwanta, aka jingine ta kan duwatsu. Na koma bin rugage a babur, inda ba abin da kunne ke ji sai iska. Daga baya ni ma na bar aikin na buɗe shagon magungunan dabbobi a kasuwa. Rakoda ta ɓace daga duniya, kaset-kaset suka fara cin kansu. Na bi sunayen da ke bayansu ina nema a waya ɗaya bayan ɗaya, na samu mafi yawa. A nan ne na ga fuskokin mutanen da na daɗe ina ji, na tarar da yawansu sun tsufa ko sun mutu tun kafin in san su.

Da Baba zai aurar da autarsa ya kira ni ya ce in ban zo ba ya cire ni daga cikin 'ya'yansa. Muka shirya ni da matata muka tafi. Ban taɓa zuwa ƙasarsu ba: duwatsu ne ko'ina, ga sanyi, ga gonaki a jikin tudu. Muna isa ya fito da sanda, ya ɗan ranƙwafa, ya rungume ni a gaban jama'a yana cewa Likita ya zo. Ya ja ni ta bayan gidansa ya nuna min rago a ɗaure da wuƙa, ya ce ni zan yanka, don Musulmin da suka zo su ci hankali kwance. Aka ware wa matata ɗaki da buta da tabarmar salla.

Bayan an dawo daga coci aka yi walima a filin makarantar firamare, ƙarƙashin rumfuna. Samari suna ta kiɗan zamani, ana rawa. Can sai mai gabatarwa ya ce uban amarya da abokansa za su ba da tasu gudummawar. Wasu tsofaffi uku suka hau dandamali, ɗaya ya zauna gaban ganguna, ɗaya ya ɗauki saksafon da ya sha faci, ɗaya ya nufi fiyanon lantarki. Sai ga Baba ya ajiye sanda, an rataya masa bas a wuya. Na ɗauka wasa ne irin na biki. Ya sunkuyar da kai, ya ƙirga musu da ƙafa, suka shiga.

Na miƙe tsaye ina kallo. Yatsun nan da na saba gani a kan sitiyari da sifana su ne ke tafiya a kan waya, a natse, ba gaggawa. Ba zan ce sun kai na cikin kaset ba. Mai saksafon numfashinsa ya gaza a wurare, mai ganga ya ɗan riga su sau da yawa. Amma Baba ya riƙe su, duk wanda ya kauce sai ya tarar da shi a ƙasa yana jiransa. Amarya ta taso da farar rigarta tana rawa a gabansa tana share hawaye. Matata, wadda ta ce kiɗana layin maƙera ne, na waiga na ga tana kaɗa kai.

Da ya sauko na tare shi na ce, "Baba, shekara da shekaru muna mota ɗaya, ba ka taɓa gaya min kana kaɗawa ba."

Ya ce, "Da ƙuruciya ne, a Jos, kafin in yi iyali in kama tuƙi. Ba ka tambaya ba."

"Ai da ka faɗa."

Ya ce, "Da na faɗa da ka daina musu da ni. Ka ce Baba ya sani, ka yi shiru. Ni kuwa musun nake so. Wa zan yi hira da shi a hanyar nan in ka zama ɗan amin?"

Muka kwana biyu a wurinsu muka dawo da buhun acca da doya.

Kwanakin baya wani Buzu mai raƙuma daga Nijar ya shigo shagona sayen maganin tsutsa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, sai na ji jita, irin mai gurnanin nan, amma tafiyarta daban, tana rangaji kamar raƙumi a kan rairayi, ga tafi, ga muryoyi suna amsawa. Na ce ya bari kada ya ɗauka tukuna. Ya yi dariya ya ce 'yan ƙasarsu ne, daga Sahara. Ya tura min waƙoƙinsu da yawa kafin ya tafi. Na yi mako ina jin su. Rok ne sosai, amma na ji goge a ciki, na ji gurmi, na ji abin da kunnena ya sani tun kafin in san jita. Yanzu in aka tambaye ni ƙungiyar da na fi so, sai in rasa ta cewa tsakaninsu da 'Yan Uku.

Na tura wa wata jikar Baba waƙoƙin a waya na ce ta sa masa. Bayan kwana biyu ya kira ni da hantsi. Muryarsa ta yi rauni, amma dariyar tana nan.

Ya ce, "Likita, ina ka samo waɗannan?"

Na ce, "Wani mai raƙuma ne ya kawo min har shago. Yaya ka ji su?"

"Tun jiya nake ji. Na hana yarinyar nan wayarta." Ya yi tari, sannan ya ce, "Masu jitar sun iya. Amma mai bas ɗin malalaci ne, wuri ɗaya yake ta zagayawa."

Na ce, "Baba, ai nan daɗin yake. Tafiyar hamada ce, ba a sauri."

Ya ce, "A'a, lalaci ne. Ka ƙara turo wasu in tabbatar."

Na ce zan turo. Na tambayi ƙafarsa, ya ce da sauƙi, ya tambayi mahaifiyata da yara ɗaya bayan ɗaya. Muka yi sallama, na zauna na zaɓo masa waɗanda na san mai bas ɗin ya fi motsi a cikinsu.